Mu Ma Ƴan Bakin Teku Ne, Tekun Ne Ya Yi Ƙaura

Na san abin da za ku ce, don an riga an faɗa mini shi a rumfar mai shayi ta bakin tashar Madawa, kuma wanda ya faɗa bai rage murya ba. Cewa na yi zan yi rubutu a kan garuruwan hutu na bakin Bahar Rum, su Nis da Kan da Antaliya da Hammamat. Wani dattijo dillalin albasa, wanda nake kira Baba tun ina ɗan lakwal, ya aje kofinsa ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ɗan nan, mi yak kai ka? Kai da ko ƙoramar Tarka in ta kawo sai an riƙe maka hannu ka ƙetare, kai ne za ka ba mu labarin teku?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Wani Bazabarme direban kamiyo, da yake abokin wasanmu ne mu Gobirawa kuma ba ya barin dama ta wuce shi, ya ce in fara zuwa Yamai a nuna mini kogin Isa daga saman gada tukuna, kada in ga teku kwatsam in suma. Na bar su suka gama. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokowa, ni kuwa da ƙasata na zo, tana cikin aljihu. Na fito da ita na ɗora bisa teburin mai shayi, tsakanin gwangwanin madara da burodi.

Dutse ne ɗan ƙarami, bai cika tafin hannun yaro ba, fari-fari mai ruwan toka, a kumbure kamar ƙosan da ya ji mai. A bayansa akwai zanen tauraro mai reshe biyar, kowane reshe da jerin ƴan ɗige-ɗige biyu-biyu, kai ka ce wanzami ne ya zauna ya yi masa aska. A gonar kawuna na tsince shi, a gangaren tudu wajen Tamaske cikin gundumar Keita, inda yara ke harbin tsuntsu da irinsa. Duk wanda ya yi kiwo a duwatsun Adar ya taka su ba adadi. Wannan abu bushiyar teku ce. Wata halitta ce mai ƙaya da ke rarrafe a ƙasan ruwan gishiri, ba ta rayuwa a tabki, ba ta rayuwa a kogi, ko da kuwa kogin Isa ne, abokina direba. Ta mutu, laka ta rufe ta, ta zama dutse a daidai inda take kiwo. Ba wanda ya yi mata kuɗin mota daga Kwatano.

Ku da ke karanta wannan kuna taɓe baki, na gan ku. Ku saurara da kyau, don ba ni na fara ba. A 1903 wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Gaden, ya tsinci irin waɗannan duwatsu a Tamaske ya aika da su Faris, wani masanin duwatsu mai suna Lapparent ya tsaya gaban majalisar masana kimiyya ta ƙasarsu ya ce ga shaidar teku a tsakiyar ƙasar Sudan. Shekarar da ta biyo baya, 1904, wani Bature mai suna Bather a gidan adana halittu na Landan ya yi bayanin wasu da aka kwaso daga Garadume, nan wajen Buza. Wanda ya kwaso su likitan soja ne, Kyaftin Lelean, yana cikin ayarin da aka turo shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila. Wato a lokacin da abokansa ke jan layin iyaka, shi yana duƙe yana tsintar tsakuwa. Cikin ayarin duka, aikinsa ne kawai bai jawo mana wahala ba.

Abin da masana suka tabbatar daga baya shi ne, tsakanin shekaru kamar miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani reshen teku ya riƙa shigowa yana ja da baya ta tsakiyar inda Sahara take yau. Ya taso daga babban tekun arewa da suke kira Tetis, ya ratso ƙasar da ta zama Aljeriya da Mali, ya bazu a kwarin da ya haɗa Tawa da Sakkwato. Ruwa ne mai ɗumi, marar zurfi sosai, irin wanda masu kuɗi ke biyan jirgi su je su tsoma ƙafa. Shi kuwa Bahar Rum na yau, da ake ta yi mana yanga da shi, ragowar wancan Tetis ɗin ne, ɗan kingin da ya saura bayan Afirka ta matsa ta tokare Turai. Saboda haka in ana lissafin girma, Tamaske yaya ce, Nis ƙanwa.

Limamin unguwarmu, da na kai masa dutsen, ya jujjuya shi ya ce, "Malam, wannan ai aikin ruwan Ɗufana ne." Ban yi gardama da shi ba, ba a haka aka rene ni ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ko ta wace hanya dai, kun yarda ruwa ya rufe gonar kawu." Ya ce ya yarda. Kun ga na samu shaida ɗaya da Baba ba zai iya ƙaryatawa ba.

In kuma har yanzu ba ku gamsu ba, ku dubi bangon ɗakinku. Simintin Malbaza, wanda ake yi tun shekarun 1960, da farin dutsen nan ake yinsa, haka na Kalambaina a Sakkwato. Farin dutsen kuwa tarin ɓawon halittun ruwa ne da ya danƙare. Alhajin da ya gina bene da simintin Malbaza yana kwana cikin katantanwa, bai sani ba. Kuma kada ku ɗauka tekun namu na wasan yara ne. An haƙo ƙasusuwan wasu manyan dabbobin ruwa masu kama da haɗin kada da kifi, aka raɗa wa ɗaya Igdamanosaurus saboda dutsen Igdaman da ke jihar Tawa, ɗaya kuma Goronyosaurus saboda Goronyo ta Sakkwato. Da Baba ya shiga wanka a lokacin, da ba mu samu mai saye mana albasa ba.

To, na ji. Kun ce wancan tarihi ne, yanzu fa? Yanzu na je na gano muku. Wani taron aiki ya kai ni kudancin Faransa cikin watan Yuli, na saci rana ɗaya na shiga jirgin ƙasa zuwa Nis, don in ga abin da ya sa duniya ke rububi. Ruwan dai, gaskiya ɗaya ce, yana da kyau. Shuɗi ne kamar an juye baban rini na marinar Kano duka a ciki, ga iska mai sanyi, ga dabino jere a bakin titi (dabinon ado, ko ƙwaya ɗaya ba za ka samu ka sa a baki ba). Amma da na sauka matakala na nufi bakin ruwan, me zan taka? Duwatsu. Wallahi duwatsu, mulmulallu, masu ruwan toka, tun daga inda ido ya fara har inda ya ƙare. Bakin tekun Nis ba rairayi. Na ga wata tsohuwa tana tafiya a kansu ba takalmi, tana ɗingishi tana rintse ido, irin tafiyar da muke yi daga Buza zuwa gona in silifa ya tsinke. Na ce a raina, baiwar Allah, da kin zo Adar Dutsi da kin sami wannan kyauta, har a haɗa miki da fura. Kuma hukumar garin kan sa motoci su ƙaro duwatsun duk shekara, saboda igiyar ruwa tana kwashe su. Garin da ke sayen dutse! Mu da muke roƙon wanda zai rage mana.

Na gaji da tsayuwa na hangi wasu gadajen roba a jere ƙarƙashin lema, na je na miƙe a kan ɗaya. Ko minti biyu ban yi ba sai ga wani saurayi da farar riga da ɗan littafi. Yuro 30, in ji shi. Na buga lissafi a kai, ya kama kusan jika 20 na sefa, kuɗin kwanciya a rana. Na tashi da sauri har na manta hulata, sai da ya biyo ni da ita.

Daga nan na koma gefe na zauna bisa dutse na kyauta, na yi kallon ikon Allah. Mutane dubbai, manya da furfura, sun tuɓe sun shafe jiki da mai sun shanya kansu kamar kilishi. In gefe ɗaya ya gasu sai a juya. Wasu sun yi ja kamar tattasai, gobe fatar ta saɓule, amma murna suke, don in sun koma ofis a Faris za a san sun je hutu. Rana ce fa suke saye. Ranar nan da ke korar mu cikin rumfa tun hantsi a watan Afrilu, wadda ke haura digiri 40 a Madawa ba tare da ta nemi ko dala ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, ashe su ma ba da haka suka fara ba. Masu kuɗin Ingila da na Rasha da suka fara zuwa Nis a ƙarni na 18 da na 19, lokacin sanyi suke zuwa, su gudo daga hunturun ƙasarsu su fake a inda ke da ɗumi, in bazara ta yi su koma gida. Ku faɗa mini, mutum ya bar garinsu in lokaci ya yi tsanani, ya tafi kudu bakin teku, ya dawo in sauƙi ya samu, mene ne sunan wannan a Adar? Ci-rani ne. Namu su tafi Abijan ko Legas a ce ƴan ci-rani, nasu su tafi Nis a ce ƴan yawon buɗe ido. Bambancin, nasu da guzuri suke tafiya su dawo wayam, namu wayam suke tafiya su dawo da guzuri in Allah ya yarda. Shanya jiki a rana sai a shekarun 1920 ya zama yayi, talakan Faransa kuma bai san ƙafarsa za ta taɓa ruwan ba sai 1936, da gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar hutun mako biyu da albashi. Kafin nan shi ma labari yake ji, kamar Baba.

Sauran garuruwan ma in ka bincika asalinsu sai ka rage jin kunyar naka. Benidom ta Sifaniya, mai dogayen benaye kamar an dasa rake, ƙauyen masunta ce a shekarun 1950. Rairayin da ake taƙama da shi a Basalona zubo shi aka yi saboda wasannin Olamfik na 1992. A tsibirin Sardiniya na Italiya, tun 2017 in aka kama ka da rairayin bakin teku a kwalba, tara ce daga yuro 500 har 3,000. Ku ji fa, tarar satar ƙasa. Alhali iskar da ƴan Libiya ke kira gibli tana kwasar ƙurar Sahara ta kai musu har kan motocinsu, ba mu taɓa aika musu da takardar biya ba. Kuma baƙin sun yi musu yawa har sun gundure su: a Yulin 2024 mutanen Basalona suka fito zanga-zanga suna fesa wa ƴan yawon buɗe ido ruwa da bindigar wasan yara. A Keita in ka fesa wa baƙo ruwa a watan Mayu godiya zai yi, ya ce ƙaro.

Akwai abu ɗaya da na karanta game da Nis da ya sa na ji kamar gida nake. Babban titin bakin ruwan, mai tsawon kilomita 7, sunansa Titin Yawon Ingilishi. A farkon shekarun 1820 aka yi mummunar shekara, amfanin gona ya lalace, mabarata suka cika gari, sai wani fada Baingile mai suna Lewis Way ya tara kuɗi wajen ƴan uwansa baƙi aka ɗauki talakawa aikin share hanya a bakin ruwa. Duk ɗan Keita ya san wannan labari da wani suna. A 1984, shekarar yunwar El-Buhari, Italiya ta sa kuɗi, FAO ta riƙe aiki, PAM ta kawo abinci, aka buɗe Furojen Keita. Maza sun watse neman abin da za a ci, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tuddai, suka haƙa ramuka, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina madatsun ruwa da muke kira baraj. Na san wata gwaggona da har yau in ta ga baraj cike sai ta shafa tsakiyar kanta ta ce nan ya fito. Italiyawa sun bar Amalfi da Rimini, wuraren da duniya ke mafarki, suka zo suka yi shekaru a Keita suna taya mu tare ruwa a ƙasan tsohon teku. Ku ce ba kewar gida ba ce.

Direba ya ce duk wannan zance ne, mutanen Adar ba su san Bahar Rum ba. Nan kam ya yi kuskure, kuma nan ne dariyar rumfa ta ɗan lafa. Da wuya ka shiga gari a Buza ko Keita ko Madawa ka rasa gidan da ke da ɗa a Libiya ko Aljeriya. Sun san Tarabulus, sun san Misrata da Zawiya da Zuwara, sun san Oran. Sun san tekun fiye da tsohuwar nan ta Nis, sai dai ta ƙofar baya suka san shi: su ne masu kwaɓa siminti a gidajen da ke kallon ruwa, masu ba lambu ruwa, masu gadi, masu wanke mota. Ƙanena ya yi shekara uku a can. Ran Juma'a bayan masallaci yakan sa riga mai tsabta ya je bakin ruwa a ɗauke shi hoto, ya turo ta WhatsApp, iyarmu ta riƙe wayar nesa da fuska ta ce, "Ka ce mishi ya matsa baya, kada abin nan ya ja shi." Ko sau ɗaya bai shiga ba. Ya ce ya ga abin da ruwan ke fitarwa da safe. Yawancin namu aiki suke su dawo, ƙetarewa ba ta cika damunsu ba, amma sun kwana ɗaki ɗaya da masu jiran kwale-kwale. A 2013 kamfanin TripAdvisor ya zaɓi wani bakin ruwa a tsibirin Lampedusa a matsayin wanda ya fi kowanne kyau a duniya. Ran 3 ga Oktoba na shekarar, daf da wurin, jirgin da ya taso daga Misrata ya nutse da mutum fiye da 360, akasarinsu ƴan Eritiriya. Ba wanda ya ce uffan, sai mai shayi da ya ƙara gawayi.

Baba ne ya warware shirun. "To, mai teku, in mu ma muna son hutun nan, ina za mu?"

Tabalak, Baba. Ka bi hanyar Agadas daga Tawa, kamar kilomita 50, za ka ga ruwa shimfiɗe har ido ya gaji, ga kwale-kwale, ga mata na soya kifi a bakin hanya, yaji a takarda. Tun 2005 tabkin yana cikin jerin wuraren ruwa da yarjejeniyar Ramsar ta ce duniya ta kula da su. Kuma yana da baƙi daga Turai duk shekara: in hunturu ya kama can, agwagin ruwa da ƴan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan ƙetare Bahar Rum ɗin da kansa, su wuce Nis ko waiwaye ba su yi, su ƙetare Sahara, su sauka a tabkunan Sahel irin wannan. Ba biza, ba otal, ba yuro 30. Tsuntsu ya fi mai shi sanin wurin hutu. In Tabalak ta yi maka nisa, ga baraj-baraj na Keita bayan damina, ga inuwar dogon yaro da aka jera a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska.

Ba zan yi muku ƙarya ba, don kun fi son ku kama ni. Wurin hutun namu yana da sauro, kuma sauron ba ya hutu. Yaron da ya cika wanka a ruwan kwance yana iya kwaso tsargiya. Ruwan da ka gani a Oktoba, ka dawo a Afrilu ka tarar ana shuka a inda ka yi iyo. Baƙon waje kuwa, yadda tsaro yake a shekarun nan, ko ka ba shi kyauta sai ya yi tunani. Sannan babbar matsalar: Ba'adare bai iya zaman banza a bakin ruwa ba. Ka kai shi Antaliya ka kwantar da shi ƙarƙashin lema, kafin azahar ya auna faɗin wurin da ido, ya tambayi zurfin rijiya, ya fara lissafin fangalin albasa nawa za su fita. Ni kaina da nake muku wannan surutu, a Nis abin da na fara tambaya shi ne nawa ake sayar da kilon albasa a kasuwarsu, kuma da na ji amsar sai da na nemi wurin zama.

Baba ya ɗauki dutsen ya kai kusa da ido, ya kankare shi da farce, ya sansana. Ya daɗe yana kallon tauraron nan.

"Kac ce ruwan zuwa shikai shina komawa?"

Na ce haka ya yi a da, sau da yawa.

"To in ya komo, garkata ta Tarka, bakin gaɓa za ta zam ko ƙasa?"

Na ce, "Baba, fadama ai ita ce farkon nutsewa. Masu gona kan dutse, su Buza da Tamaske, su ne za su wayi gari da otal."

Bai ce komai ba. Ya sa dutsena cikin aljihun babbar rigarsa, ya biya kuɗin shayinsa shi kaɗai, ya tashi. Da maraice kawuna ya kira ni daga Tamaske yana tambaya wane ne wannan dillalin albasa da ke neman sanin ko gonar tudu ta sayarwa ce.